Farautar Gwangwani a Titin Ikorodu

Mu da muka tashi a Mile 12 mun san titin Ikorodu kamar yunwar cikinmu, amma sanin fasinja ne. Daga Ketu zuwa Ojota zuwa Maryland, ko a danfo ko a BRT, ido na kan gosulo, hannu na kan aljihu. Da yawanmu mun shekara muna wuce ƙaton mutum-mutumin nan na Ojota mai rigar lauya ba mu taɓa tambayar ko wane ne ba.

Sai ga samarinmu sun ɗauko wani wasa a waya wanda Turawa ke kira giyokashin. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya ba da lambobin wurin na GPS, saura su bi waya har su gano shi, su rubuta suna, su mayar yadda suka same shi. In ka ɗauki wani abu a ciki, ka ajiye wani. A Amurka aka fara shi a watan Mayun 2000, bayan gwamnatinsu ta daina dagula siginar GPS ga farar hula. Wayar takan kai mutum kusa ne kawai, taku biyar ko goma, ragowar aikin na ido ne. Shi ya sa masu ɓoyon ke son gindin abin da ba ya ɓacewa, kamar mutum-mutumi ko zanen bango.

To a nan gizo ke saƙar. A Legas, yaro mai doguwar riga da hula ya tsuguna a gindin gada yana cusa gwangwani a rami, yana duba waya, me kuke zaton za a ce? Kafin ya yi bayani da Turancinsa na kasuwa an taru. Ba mu manta da rikicin Maris ɗin 2016 ba, lokacin da aka rufe mana kasuwa, alhali saɓani ne kan ɗan acaba ya tayar da shi. Ga kuma titin shi kansa: mai kallon waya ba ya ganin tirela, tsallaka babban titi a ƙasa kuwa alhali ga gadar masu ƙafa laifi ne da ake kama mutum a kai.

Wasu dattawan cewa suka yi a hana kawai, wasa da gumaka ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Ba wanda ya je sujada, karanta allon da ke gindi suka je yi. Kuma abin da suka dawo da shi ya ba mu mamaki. Mai rigar lauyan Gani Fawehinmi ne, wanda ya sha ɗauri a hannun sojoji kan kare talaka, ya rasu a 2009, kuma Musulmi ne. A filin nan nasa aka yi taron janye tallafin mai na Janairun 2012. Na Alapere kuwa Abiola ne, wanda a zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Wani tsohon ɗan gwari da ya ji haka ya ce, "Yaro, ai da ƙuri'ata a ciki." Shekara da shekaru yana wuce wurin da kwandon tumatir, bai san mutumin da ya zaɓa ba ne ke tsaye.

Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne a bar gwangwanin. Mai shirya farautar zai tura lambobin wurin da tambaya ta WhatsApp: wace shekara aka rubuta a allon, hannu wanne ya ɗaga? Amsa ita ce shaidar ka je. A tafi su uku ko huɗu, da rana, da katin shaida a aljihu, a gaida mai gadin wurin da Yarbanci, a hau gadar sama ko da kwana ne. Ranar Lahadi ta fi, motoci sun ragu. Zagaye na gaba zanen bangon ƙarƙashin gadar Maryland ne, kuma 'yan matan Islamiyya sun ce su ma a sa su, da malamarsu.