Zauren Kaka da fentin da ba ya son gaggawa

Ku da kuka saba jin muryata da safe a radiyo, yau a rubuce na zo muku. Wasu sun ga shuɗi a bakin farcena wurin ɗaurin aure, suna ta tsokana wai na koma marina. To ga bayanin.

A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Ni na karanta labarin a makirfo. Minti ɗaya da rabi, sai na wuce ga farashin hatsi. Aikinmu ke nan, magana ta fita, iska ta ɗauke.

Da la'asar na je Birni gaida Kaka. Na tsaya ƙofar zaurenta, wanda na shiga sau dubu ban taɓa ɗaga kai ba. Akwai zanen magina a goshin ginin, dagi a tsakiya, zobba kewaye da shi, amma ruwa ya cinye gefen hagu. Maginin da ya yi shi ya rasu tun ba a haife ni ba. Na ɗauki hoto a waya, na duba, sai na ga bango kawai. Abin da ya tsaya mini a rai bai shiga ba.

Wata guda bayan haka wani abokin aiki ya kai ni wurin wani tsohon mushe da ya koyar da zane a koleji har ya yi ritaya. Duk Asabar da yamma yana koya wa manya fentin mai a tsakar gidansa, jika biyar a wata. Mu bakwai ne, har da ungozoma da tela da wani tsohon soja. Ni da a lise nake amfani da awar zane in kwafi aikin lissafi, ga ni da shekara talatin da wani abu ina koyon riƙe burushi.

Abu na farko da Mushe ya gaya mana: wannan fenti garin launi ne da aka kwaɓa da man lin, kuma ba ya bushewa irin na wanki. Iska yake sha sannu a hankali har ya taurare. Shafi mai siriri sai ya yi kwanaki, mai kauri kuwa watanni. Dokar da ya fi nanatawa ita ce "gras sur maigre": shafin farko a tsinka shi da terebantin, kowane na bisa a ƙara masa mai. In ka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, hoton ya tsattsage kamar ƙasar tabki da rani.

Launi huɗu ya yarda mu saya: fari, rawaya, jan ƙasa da shuɗi. Na ce, "Mushe, inuwa fa? Ba baƙi?" Ya ce, "Je ka zauna gaban bangon daga hantsi zuwa la'asar, ka dawo ka gaya mini in ka ga baƙi." Na je. Wallahi babu. Da hantsi bangon rawaya-rawaya ne, da yamma ya koma ja, inuwar zankwaye kuwa shuɗi ce da ta sha jan ƙasa.

Sai gaggawa ta ci ni. Cikin Disamba na gama shafi na biyu, na jingina hoton a waje don ya bushe da wuri. Hunturu ya taso cikin dare. Da safe na tarar ƙura ta manne masa kaf, aikin sati shida. Na kai wa Mushe ina huci. Ya miƙo mini wuƙar fenti ya ce in kankare in sake, tunda bai taurare ba. Daga ranar a ɗaki nake ajiye shi, fuskarsa na duban bango. Ga mai son farawa: a buɗe taga saboda warin terebantin, a nisanta shi da yara, kuma kada a dunƙule tsummokaran da suka sha man lin wuri guda, suna iya kama wuta da kansu.

Kawuna ya tambaye ni ko na san abin da malamai suka ce kan zane. Na ce masa ni gini da itatuwa nake zanawa, ba na zanen mai rai. Ya gyaɗa kai, muka sha shayi.

Cikin Maris na kai wa Kaka hoton. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Maigida, ka yi ƙoƙari, amma ka zana gidan tsohuwa. Ni gidan amarya na sani." Ta ɗora yatsa a gefen hagu, inda na bar fili. Wai nan takobi ne, ƙarƙashinsa allo, kuma ranar da aka kawo ta an shafe su da farar ƙasa. Ta yi awa biyu tana ba ni labari. Ni da ake biya don in yi magana, ranar ban ce uffan ba. Na koma na sa takobin da allon yadda ta faɗa. Babu wayar da za ta iya wannan.

Na sani hoto ba ya tare ruwa. Amma da ya zagaya a gurup ɗinmu na dangi, waɗanda ke Yamai da Maraɗi suka fara tambayar nawa ne kuɗin yaɓe. Muka haɗa, aka yaɓe zauren kafin damina.

In akwai irin wannan bango a unguwarku, ku tsaya ku ɗaga kai, ku tambayi tsofaffi me ke wurin a da. Sai mun haɗu a shirin safe, in Allah ya kai mu.