Ɗaurin basir: zafin da ake daurewa da wanda ba a daurewa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan kudu, bari in taɓo maganar da kunya ke hana mu yi: basir. Ga zaman lakca na awanni, ga biredi da Indomie kullum, amma sai mu yi gum muna shan jiƙe-jiƙen tasha.

Ni a wannan zangon aka yi mini ɗaurin roba. Likita ke saƙala 'yar roba a gindin basir na ciki, jini ya daina kai masa, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi. Aikin bai kai minti 10 ba, ba a ma sa ni barci ba. Wallahi ba zafin yanka ba ne, nauyi ne kamar bayan gida ya matse ka. Kwana biyu ina jin haka, bencin aji ya zame mini azaba. Farasitamol da zama a bahon ruwan ɗumi suka taimake ni, sai yawan shan ruwa da cin wake da gwanda. Asfirin kuwa likita ya hana, saboda jini.

Amma in zafi mai tsanani ya soke ka nan take, faɗa wa likita, wataƙila robar ta sauko ƙasa ne, sai a cire. In kuma an koma hostel aka ga zazzaɓi, kasa fitsari ko jini mai yawa, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Kuma don Allah kar a sa ranar aikin daf da jarrabawa. Allah ya ba mu lafiya.