Daga Farankfut zuwa Stuttgart: hanyar masu gudu da masu jin haushinsu

Ɗan kasuwar da ya taɓa sayo Marsandi ko BMW daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu, ko ta Lome inda da yawa suka koma bayan rufe iyaka a 2023, ya san wani abu da ke ba mutane mamaki a cikin waɗannan motoci: agogon gudu yana ɗauke da lambobi har 240 ko 260, alhali kuwa tsakanin Maradi da Damagaram ba wanda zai kai allurar rabin wannan wuri ba tare da ya gamu da rami, ko amalanke, ko garken awaki ba. Waɗannan lambobi ba ado ba ne. An rubuta su ne domin wata hanya da ke ƙasar Jamus, wadda suke kira Otoban, mai tsawon kilomita kusan 13,000, wadda a kan kimanin kashi 70 cikin ɗari nata doka ba ta yanka wa ƙaramar mota iyakar gudu ba. Hukuma dai tana ba da shawarar kada a wuce kilomita 130 a awa, kuma wanda ya wuce, in hatsari ya auku, kotu na iya ɗora masa wani kaso na asara ko da ba shi ne mai laifin ba. Amma shawara ba doka ba ce.

Na bi wani yanki na wannan hanya, daga Farankfut zuwa Stuttgart, tafiyar kilomita 200 da ɗan ɗoriya, wadda ba ta kai nisan Maradi zuwa Damagaram ba. Wanda ya ɗauke ni wani ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, sana'arsa kai motoci daga wannan dillali zuwa wancan. Ran nan Porsche ce aka ba shi, ja, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, wadda in mutum ya zauna cikinta sai ya ji kamar a kan tabarma yake. Na zaci zan ga yadda ake darewa a ba sarauniyar hanya wuri. Abin da na gani ya fi haka sarƙaƙiya.

Da an fita Farankfut an kama hanya mai lamba A5 zuwa Darmstadt, kwalta ce miƙaƙƙiya tsakanin itatuwa, layi huɗu a kowane ɓangare. Wannan yanki yana cikin na farko da gwamnatin Hitila ta buɗe a 1935, ko da yake hanyar Kolon zuwa Bon, wadda Konrad Adenauer ya buɗe a 1932 yana magajin garin Kolon, ta riga shi. A nan ne ranar 28 ga Janairu 1938 Rudolf Caracciola ya kai kilomita 432 a awa cikin wata Marsandi ta gasa, kuma a wannan safiya ɗin abokin karawarsa Bernd Rosemeyer ya fita ya karya wannan matsayi, motarsa ta ƙwace, ya rasu nan take. Har yanzu akwai alamar tunawa da shi a gefen hanya, kusa da wani wurin hutawa. Direbobin manyan motoci na tsayawa can su ci abinci, galibinsu ba su ma san da ita ba.

Ƙa'idar hanyar a rubuce take, kuma mai sauƙi ce. Kowa ya tsaya dama, layin hagu na wuce mota ne kawai, an hana wucewa ta hannun dama, an kayyade wa manyan motocin kaya kilomita 80 a awa. Tazara kuwa, ana koya wa ɗalibin tuƙi ya raba lambar gudunsa biyu ya mayar da ita mita: mai gudun 120 ya bar mita 60, mai gudun 250 ya bar mita 125. Sandunan da ke gefen hanya, mita 50 ne tsakanin kowanne da na gabansa, don mutum ya riƙa aunawa da ido. Duk rigimar tana tashi ne daga lissafi ɗaya. Motar da ke gudun 250 tana cin kusan mita 70 a daƙiƙa guda. In kana tafiya da 120 ka fito layin hagu don ka wuce babbar mota, ka leƙa madubi ka hango wata fitila can nesa, mita 200 a bayanka, to kafin daƙiƙa 6 ta cika maka madubin. Mai ƙaramar mota yana ganin an zo a haye shi, mai babbar mota yana ganin an faɗo masa gaba da gangan. Kowanne ya tafi gida yana ba da labarin wani mahaukaci da ya haɗu da shi.

Ba mu kai Mannheim ba sai da na ga abin da abokin tafiyata ya gaya mini tun da safe. Wata farar motar ƴan aiki ta fito hagu tun muna nesa, ta wuce wadda za ta wuce, sa'an nan ta ƙi komawa dama, ga fili a buɗe. Muka bi ta a hankali kilomita da dama. Da ta ga dama ta kauce, muna wucewa direban ya juyo yana kaɗa tafin hannu a gaban fuskarsa, alamar da a can take nufin ba ka da hankali. Bayan ɗan lokaci wani saurayi cikin baƙar BMW ya manne mana a baya, ya fito ya jera da mu, ya taka ya sassauta, ya sake takawa, yana kallonmu yana murmushi. Wannan ba haushi ya kawo shi ba, kokawa yake nema. Abokina bai ko waiwaye shi ba. Ya ce mini, Malam, wannan mota da kanta take tsokanar mutane ko da mai ita barci yake: wani yana so ya koya maka tarbiyya, wani yana so ya gwada ƙarfi da kai, wani kuma burinsa ya ɗauke ka hoto da salula kana aikata laifi. Wanda ya fi ba shi tsoro, in ji shi, shi ne mai shiga gabanka ya taka birki ba dalili, domin in ka buge shi ta baya, kowa zai fara zargin jar motar ne kafin a bincika.

Dokar Jamus ba ta wasa da irin wannan hali, daga kowane ɓangare ya fito. Mannewa mota a baya da babban gudu na iya jawo tarar da ta kai Yuro 400, wato sefa 262,000 da ƴan kai, da ƙwace takardar tuƙi, wadda muke kira farmi, har wata 3. In an haɗa da walƙiya da fitila da matsa wa mutum lamba, ko kuma tare hanya da taka birki da gangan, to maganar ta tashi daga hannun ɗan sandan hanya ta koma laifin tilastawa, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 3. Nuna wa mutum yatsa ma zagi ne a gaban alƙali, kuma tarar ana auna ta da abin da mai laifin yake samu a wata. Akwai wani ofishi a garin Flensburg da ke tara wa kowane direba makin laifinsa. Ya kai 8, farmi ya tafi.

Tsakanin Bruchsal da Karlsruhe abokina ya rage gudu ba tare da wani allo ya ce ya rage ba. A wannan yanki ne, ranar 14 ga Yuli 2003, wata mata ƴar shekara 21 take tafiya da ɗiyarta ƴar shekara 2 cikin ƙaramar Kia a layin hagu, sai wata baƙar Marsandi mai ƙarfi ta taso mata a baya da gudun da ya haura 200. Motocin ba su taɓa juna ba. Matar ta firgita, ta karya sitiyari dama, motar ta ƙwace ta bar hanya ta daki itace, uwa da ɗiya suka rasu. Da taimakon shaidu ƴan sanda suka kai ga wani injiniya mai gwajin motoci na kamfanin da ke ƙera Marsandi. A 2004 kotun farko ta yanke masa ɗaurin wata 18, da ya ɗaukaka ƙara aka mayar da shi shekara 1 na jeka-ka-gyara-halinka. Jaridu sun yi watanni suna kan maganar. A ganina wannan shari'a ce ta tabbatar wa Jamusawa da yawa surar da suke gani a madubinsu: babbar baƙar mota, fitila a kunne, mai kuɗi a ciki yana cewa kauce. Wanda duk ya tuƙa irin motar bayan haka ya gaji wani abu daga wannan fushi, ko ya san labarin ko bai sani ba.

Kuma gaskiya masu motocin ba su daina ba mutane hujja ba. A Fabrairun 2016 wasu samari biyu sun yi tsere da dare a tsakiyar Balin, suna keta jar wuta da gudun da ya kai 160, ɗayansu ya afka wa wani dattijo ɗan shekara 69 ya kashe shi. A 2017 kotu ta kira abin kisan kai, karo na farko a irin wannan shari'a, kuma bayan kai da komowa kotun ƙoli ta tabbatar da ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi bugun a 2020. Tun Oktoban 2017 tseren mota a kan hanyar jama'a laifi ne mai zaman kansa, ana iya ƙwace motar, in an yi kisa ɗauri ya kai shekara 10. A 2021 wani attajiri ɗan ƙasar Cek, Radim Passer, ya kai kilomita 417 a awa cikin Bugatti a kan hanyar A2, ya sa hoton a intanet. Mai gabatar da ƙara ya duba ya rufe maganar a 2022, don bai sami laifin da zai kama shi da shi ba. Ma'aikacin da aka ci tara don ya wuce ƙa'ida da kilomita 20 a cikin gari, ba sai an gaya maka yadda ya ji da wannan labari ba.

Sai dai ba duka fushin ne yake da alaƙa da gudu ba, akwai na hassada tsantsa. A 2011 an yi ta ƙona motoci da dare a titunan Balin, ɗaruruwa, aka yi ta zargin ƴan siyasar hagu masu tsattsauran ra'ayi. Da aka kama wanda ya fi kowa ɓarna sai ga shi wani matashi ne marar aikin yi, bashi ya yi masa katutu, wanda ya amsa cewa Audi da BMW da Marsandi yake nema saboda baƙin cikin masu su sun fi shi. Motoci sama da 100 wutarsa ta shafa, aka ɗaure shi shekara 7 a 2012. Tun daga 2022 kuma wasu masu fafutukar kare yanayi suka shiga bin dare suna sace iskar tayoyin manyan motoci a biranen Turai, su bar takarda a gilashi. A Mannheim da Hambug ƴan sanda sun ware jami'ai musamman don samarin da ke zagaya gari suna ruri da salansa. Mai mota mai tsada a can yana tunanin inda zai ajiye ta fiye da yadda yake tunanin kuɗin mai. Wannan ya bambanta da abin da muka saba, inda sabuwar motar Alhaji take tara maroƙa da ƴan taya murna, hassadar kuwa a ciki take kwana.

Daga Karlsruhe aka karkata gabas a kan A8, hanya ta shiga tuddai, ga aikin gyara, ga manyan motoci jere kamar ayarin raƙuma. Porschen da aka ƙera don ta haura 280 ta koma tafiyar 60 a bayan wata motar kaya mai lambar Folan. Muka wuce Pforzheim, garin da Bertha Benz ta nufa a Agustan 1888 daga Mannheim tare da ƴaƴanta maza biyu, cikin keken injin da mijinta Carl Benz ya yi wa rajista a 1886. Kilomita 100 da ƴan kai ta yi, daga asuba har dare, man ma a kantin magani na garin Wiesloch ta saye shi.

Jamusawa ba su gama gardamar kayyade gudu ba. A lokacin matsalar mai ta 1973 an sa iyakar kilomita 100, aka ɗage ta a 1974. Babbar ƙungiyar masu motoci, ADAC, wadda ta yi shekaru tana adawa da kowace iyaka, ta janye adawar a 2020, amma gwamnatin haɗin gwiwa da aka kafa a 2021 ta rubuta a yarjejeniyarta cewa ba za a sa ba. Masu son gudu suna nuna cewa mutanen da suka mutu a hanyoyin ƙasar sun sauko daga sama da 21,000 a 1970 zuwa 2,839 a 2023, kuma mafi yawansu ba a kan Otoban ba ne. Masu adawa suna cewa ba wata maƙwabciyar Jamus da ta bar hanyarta haka, Faransa 130 ce iyakarta, Beljik 120. Ni dai, da na zauna awa uku a kujerar da ake wa kallon banza, na fi karkata ga masu neman iyaka, domin tazarar da ke tsakanin 120 da 250 a kan layi ɗaya ta fi ƙarfin haƙurin ɗan Adam.

Stuttgart a cikin kwari take, tuddai masu gonakin inabi sun kewaye ta, iska ba ta fita da sauƙi. Garin Marsandi ne da Porsche, kowanne da gidan tarihinsa, na farko an buɗe shi a 2006, na biyu a 2009. Duk da haka a nan ne a Janairun 2019 aka hana tsofaffin motocin gazuwal shiga gari saboda hayaƙi, kuma irin waɗannan motoci da Turai ta gaji da su ne ake lodawa a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan su iso kasuwanninmu.

Mun kai motar wurin dillalin da ke jiranta da la'asar. Bai tambayi yadda injin yake ba. Ya ɗauko ƴar tocila, ya durƙusa, ya bi jikin motar daga fitilar gaba har ta baya yana neman inda aka karce fenti da makulli, ya duba tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sa hannu a takarda ya karɓi mabuɗin.