Sabuwar Sarƙa Da Tsofaffin Haƙora A Hanyar Dutsen Shere

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya san duwatsun nan na gabas da gari, waɗanda rana take ɓullowa ta bayansu. Su ne duwatsun Shere. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, watau wajen ƙafa 6,000, alhali shi garin Jos yana kan mita 1,200 ne da 'yan kai. Na daɗe ina burin in hau su da keke, sai a hunturun da ya wuce Allah ya nufa.

Keken nawa irin na hawan dutse ne, ɗan gwanjo, mai giya 21: faranti 3 a gaba, 7 a baya. Ana gobe zan tashi na ga sarƙar ta yi sako-sako, sai na sayi sabuwa na ɗaura, na kwanta ina ganin na gama shiri.

Bayan sallar asuba na kama hanyar Lamingo, sanyi yana ratsa ƙashi. Na wuce madatsar ruwa, na wuce 'yan lambu suna ban ruwan kabeji da karas. Muddin ana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya keke lafiya lau yake. Amma da hawa ya fara, na miƙe tsaye na danna feda, sai na ji ƙarat! Sarƙa ta tsallake, ƙafata ta zame, gwiwata ta daki ƙarfe. Sau uku ana haka, na ƙarshen saura kaɗan in faɗa cikin kwazazzabo. Ga dutse a gabana ina gani, tilas na juyo ina tura keke ina ɗingishi.

A bakin hanya na tarar da wani dattijo mai gyaran keke a gindin mangwaro. Na yi sallama, na ce, "Baba, jabun sarƙa aka sayar mini."

Ya tsuguna ya juya ƙafar baya, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, sarƙarka ba ta da laifi. Dubi haƙoran firiwil ɗin nan, duk sun karkace kamar lauje. Tare suka tsufa da waccan, sun saba da juna. Wannan kuwa baƙuwa ce, ba za ta zauna a gurbinsu ba."

Allah ya sa tsohuwar tana cikin jakata. Ya shimfiɗa ta, ya ɗora awo. Ashe tsakanin kowane fil da na kusa da shi rabin inci ne, saboda haka gaɓa 24 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. Ƙura da yashi ne suke haɗuwa da mai su riƙa cin filolin, har sarƙa ta ƙara tsawo. In ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin 16 na inci, a canja sarƙa kawai. In ya kai ɗaya cikin 8, to ta riga ta cinye haƙora. Tawa ta zarce haka. Ƙananan farantan baya su suka fi jin jiki, don haƙora kaɗan ne suke ɗaukar nauyin duka.

Aka sa sabon firiwil, aka canja farantin tsakiya na gaba, wanda na fi amfani da shi. Sauran biyun ya ce su ci gaba da aiki. Kuɗin ya ninka na sarƙar. Kowa ya ƙi sharar masallaci, in ji Hausawa, ya yi ta kasuwa.

Kashegari na koma. Keke bai ce uffan ba har inda hanya ta ƙare, na jingine shi na ƙarasa da ƙafa, ina bi tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Daga sama ga Jos nan shimfiɗe cikin hazo, ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari suna ƙyalli daga nesa.

Mai karatu, in kana da niyyar Shere, tafi da rigar sanyi da ruwan sha, kuma ka auna sarƙarka tun haƙora suna da sauran ƙarfi.