Ƙaramar Kyamarar da Ta Riƙe Mana Tarihin Zango



Makon jiya muna kakkaɓe akwatin takardun Maigida a nan Zangon Kumasi, sai muka ci karo da tsohuwar kyamararmu, Olympus OM-1. Ƙirar Japan ce ta 1972, nauyinta rabin kilo da 'yan kai, tana shiga aljihun babbar riga. Da ita muka ɗauki naɗe-naɗen sarauta, saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai.

Alherinta a fili yake. Batirinta na awon haske ne kawai. Ko ya mutu, tana ɗauka. Hannu ke daidaita haske da nisa, abin da ido ya gani ta gilashin kuma shi ke sauka a fim. Fim guda hoto 36 ne, don haka ba a dannawa sai dattawa sun gyara rawani.

Amma ta taɓa ba mu kunya. Ranar wani naɗi fim bai kama ba, muna ta dannawa a banza, ba mu sani ba sai a wurin wanki. Yau yawancin dattawan ranar sun riga mu gidan gaskiya, babu hotonsu. Ga fumfunar damina mai cin gilashi, ga tsadar fim, masu wanki da gyara sun yi ƙaranci.

Duk da haka dodon hotunan da muka adana yana nan lafiya, na waya kuwa sukan tafi tare da wayar. Don Allah, mai tsofaffin hotunan Zango a gida ya kawo mana, mu rubuta sunayen mutanen ciki tun masu shaida su suna raye.