Yini Guda A Tsakiyar Abuja: Gine-ginen Da Suka Rasa Mai Tambaya

Da hantsi jirgin ƙasan Kaduna ya sauke mu a tashar Idu. Maimakon in nemi tasi kamar yadda na saba, sai na tsallaka na hau ƙaramin jirgin nan mai kai fasinja tsakiyar birnin Abuja, domin na daɗe ina son ganin abin da aka ciyo bashi da sunanmu a kansa. Taragon fes yake, ga sanyi, ga wurin miƙe ƙafa, kujeru ma sun fi mutane yawa. Muka bi ta Wupa da Kukwaba, ina leƙen tashoshi masu kyau da suka tsaya cikin ciyawa, nesa da gidajen jama'a.

A 2007 aka bayar da kwangilar wannan layin dogo, daga baya aka karɓo rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, bai sake motsi ba sai a Mayun 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi. Shekara huɗu jirgi yana kwance, bashi kuwa ba ya barci. Duk wanda ya taɓa kwana a Nyanya ko Mararraba ya san yadda ma'aikata ke fitowa tun asuba su maƙale a cunkoson motoci, amma layin bai nufi can ba. Wa ya yanke shawarar inda za a fara shimfiɗa dogo? A gaban wa ya kare wannan shawara?

Daga tashar ƙarshe na ɗauki mota zuwa Babban Masallacin Ƙasa. Bayan azahar na fito haraba, na ɗaga kai, sai ga Hasumiyar Mileniyom ta tokare sama a filin da ke tsakanin masallacin da Babbar Cocin Ƙasa. Tsayinta mita 170, wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara ta tare da cibiyar al'adun da ke gindinta. An soma aikin a 2006, da fatan kammala shi a 2011, shekarar da Abuja ke cika ashirin da zama mazaunin gwamnati. Daga nesa sai ka rantse an gama. Kana matsowa sai ka tarar da shingen langa-langa da siminti tsirara. Yaron da aka haifa ranar da aka haƙa harsashinta yau ya isa jefa ƙuri'a, amma bai taɓa hawa samanta ya kalli birnin ba.

Ba nisa da nan wani gini yake wanda ya fi sosa mini rai, wato hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa. Shi ma a 2006 aka bayar da kwangilarsa, a kan naira biliyan 8 da ɗoriya, aka ce wata 22 za a yi a miƙa makulli. An sauya tsarin ginin ba sau ɗaya ba, kuɗin ya yi ta hauhawa, hukumar da aka yi dominta kuma ta ci gaba da zama a gidan haya. A Satumban 2025, uwargidan Shugaban Ƙasa ta roƙi masu son taya ta murnar cika shekara 65 su zuba gudummawarsu a asusun ƙarasa ginin, aka kuma tara sama da naira biliyan 20. Allah Ya saka wa waɗanda suka bayar. Sai dai gudummawa ba ta goge tambaya. Nawa aka fitar daga baitulmali tun 2006? Wa ya sa hannu a kan kowane ƙarin kuɗi? Me aka gina da shi?

Na zauna a teburin wani mai shayi a bakin titi, na tambaye shi ko ya san ranar da za a gama ginin. Ya yi dariya, ya ce shi dai a haka ya zo ya tarar da shi, kuma ba hurumin talaka ba ne. Wannan amsa ita ce ciwon. Mutumin nan yana biyan haraji a kan katin waya, 'ya'yansa kuma za su gaji bashin da aka ciyo, amma an koya masa cewa tambaya ba tasa ba ce.

Tsarin mulkin Abuja ya ƙara wa lamarin nauyi. Tun da marigayi Janar Murtala Muhammed ya kafa yankin da doka ta 6 ta 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ba a taɓa zaɓar wa birnin gwamna ba. Minista ne ke riƙe da shi, Shugaban Ƙasa ke naɗa shi, Shugaban Ƙasa ke sauke shi. Babu majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa Majalisar Tarayya wannan aiki, a cikinta kuwa sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu ne kacal mutanen Abuja suka zaɓa. Ƙananan hukumomi shida da ake zaɓa ba su da ta cewa a kan manyan ayyukan tsakiyar birni. Mazaunin Kano ko Katsina yana iya jiran gwamnansa a akwatin zaɓe. Mazaunin Kubwa fa, wa zai jira?

Duk da haka, ba doka muka rasa ba. Dokar Sayayya da Kwangilolin Gwamnati ta 2007 ta wajabta tallata kwangila, ta kuma ce a gayyaci ƙungiyoyin farar hula su shaida yadda ake buɗe takardun masu nema. Ita ce ta tanadi majalisa ta musamman da za ta kula da harkar kwangila, amma gwamnatoci suka yi ta shuɗewa ba tare da sun kafa ta ba, Majalisar Zartarwa ta ci gaba da amincewa da kwangiloli da kanta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun aiki, ba sai ya faɗi dalili ba, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yana miƙa rahotonsa ga majalisa, kodayake sau da yawa rahoton kan fito bayan shekaru, lokacin da waɗanda ya ambata sun riga sun bar kujera.

Akwai kuma waɗanda suka nuna cewa tambaya tana haifar da ɗa mai ido. Matasan da suka kafa shirin Follow The Money a 2012 sun bi diddigin kuɗin kwashe gubar dalma a Bagega ta Jihar Zamfara, suka yi ta matsa lamba har aka saki kuɗin. Wani shafin intanet da ke wallafa bayanan kwangiloli ma da Hausa aka raɗa masa suna, Budeshi, wato buɗe shi. Idan an iya yin haka saboda ƙauye guda, me zai hana a yi saboda gine-ginen da ke ƙofar fadar gwamnati?

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowane babban aiki a kafa masa allo da Turanci da harshen mutanen wurin, ɗauke da kuɗin kwangila na asali, da abin da aka biya zuwa yau, da ranar gamawa, da ofishin da za a kai wa ƙorafi. Duk ƙarin kuɗi ko sauyin tsari a wallafa shi tare da dalilinsa kafin a biya. Kwamitocin majalisa su riƙa zama a bainar jama'a, su saurari mazauna unguwanni kafin a zuba siminti. Ɗalibanmu na aikin jarida da lissafin kuɗi da injiniya kuwa, ga abin bincike a gabansu: kowace tsangaya ta ɗauki aiki ɗaya a garinta, ta rubuta wasiƙar neman bayani, ta buga amsar da ta samu, ko ta buga cewa an ƙi amsawa. Kano da Kaduna da Sakkwato duk suna da irin nasu gine-ginen.

Da la'asar sakaliya na kama hanyar komawa Idu. Ta tagar mota na sake hango hasumiyar, rana ta jiƙa ta da ja. A jakata akwai takardar da na soma rubutawa a teburin mai shayi, mai tambayoyi uku game da Ɗakin Karatu na Ƙasa. Ranar Litinin zan aika da ita, in fara ƙirga kwana bakwai.