Jirgin lambu da kunnen tsoho

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Maganar tana da gaskiya a kasuwa da gaban alƙali, amma mai haɗa silima ya san inda take juyawa. Hoto ɗaya ne, in an ɗora masa kiɗin biki ya zama murna, in an ɗora masa kukan sarewa ya koma ta'aziyya. Wani saurayi ɗan Damagaram, da ya je karatu Amiens a arewacin Faransa, ya koyi haka a bayan gidan da ya kama haya.

Maigidan tsoho ne da ya haura shekara 80, wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin jirgin ƙasa. Da ƙuruciya shi ke zuba kwal a bakin wutar manyan jirage masu tururi da ake kira 141 R, waɗanda aka ƙera a Amurka da Kanada tsakanin 1945 da 1947 don maye waɗanda yaƙi ya lalata. Daga baya ya zama matuƙi. Da ya aje aiki sai ya shimfiɗa nasa dogon a lambu, tsakanin furanni da kunyoyin dankali, da gada bisa ɗan kududdufi, da tasha wadda tsayinta bai kai gwiwar mutum ba. Wannan sha'awa ta daɗe a Ingila da Jamus da Faransa. A 1968 kamfanin LGB na birnin Nuremberg ya fara ƙera jiragen da ke jure ruwa da rana, masu gudu bisa dogo mai faɗin milimita 45, an rage girmansu sau 22 da rabi daga na gaske. Irinsu ne tsohon ya tara cikin shekarun zamansa da matarsa, kafin ta riga shi.

Saurayin ya tashi a ƙasar da jirgi labari ne kawai. Kakansa yakan faɗi yadda gyaɗar Damagaram ke gangarawa Kano bisa raƙuma da manyan motoci, domin can dogo ya isa tun 1911. Shi kuwa dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai taɓa shiga jigilar yau da kullum ba. Saboda haka ranar farko da ya ga dattijo durƙushe yana share ganye daga ƙarafuna, sai ya ɗauka tsufa ne ya maida shi wasan yara. Ladabi ya hana shi dariya. Yana kiransa Baba kamar yadda ake yi a gida, tsohon kuma ya karɓi sunan.

Wata rana ƴaƴan tsohon suka zo daga nisa da shawarar da ba ta da makawa. Ƙafafu sun raunana, za a sayar da gidan, shi kuma ya koma gidan kula da tsofaffi, inda ɗaki ɗaya ne rabonsa. Kafin sanyi ya shigo za a tumɓuke dogon. Da dare ya kira saurayin ya ce: «Ɗana, salularka tana ɗaukar hoto mai motsi. Ka ɗaukar mini shi yana tafiya, in tafi da shi.»

Ɗaukar farko ta fito abin kunya. Daga tsaye ya riƙe salular, jirgin ya bayyana kamar ƙadangare yana tsere cikin ciyawa. Da bincike da gwaji ya gane dokoki biyu. Ta farko, idon na'urar ya sauka inda idon mutumin wannan ƙaramar duniya zai kasance: mai tsayin mita 1,70 in an rage shi sau 22 da rabi bai wuce santimita 7 da rabi ba, wato faɗin yatsu huɗu daga ƙasa. Ta biyu, ƙaramin abu yana rawa da saurin da ke tona rashin nauyinsa. Masu silima suna magance haka da ɗaukar hotuna da yawa a daƙiƙa, sannan su nuna su a hankali. Ga wannan ma'auni ana ninka hotuna 24 na al'ada kusan sau biyar, kuma salularsa tana ɗaukar 120. Sai ya kwanta ruf da ciki cikin raɓar safiya. A allon, kan jirgin ya fito daga bayan tukunyar fure da nauyi da ƙasaita, ciyawa ta zama daji, kududdufi ya zama gulbi.

Saura sauti, kuma a nan aikin ya tsaya. Muryar jirgin ta gaske zizar ƙaramin injin lantarki ce, kamar ta sauro. Saurayin ya ga ba ta dace da ƙasaitar hoton ba, sai ya nemi kiɗa. Jirgi da kiɗa tsofaffin abokai ne a Turai. A 1923 Arthur Honegger ya tsara Pacific 231, kiɗan taron makaɗa mai tashi a hankali har ya kai ƙoli kamar jirgi yana ɗaukar gudu, kuma a 1949 Jean Mitry ya yi masa ɗan gajeren fim. Shi ya fara ɗorawa. Tsohon ya kalla har ƙarshe ya ce: «Ya yi kyau ƙwarai. Amma wannan jana'iza ce ta babban mutum, ni kuwa ban mutu ba tukuna.»

Sai saurayin ya juya ga sautin gaskiya. Ya samo a intanet hucin wani shahararren jirgin Ingila, Flying Scotsman, ya daidaita shi da hoton har dare ya raba. Da safe tsohon ya rufe ido yana saurare, yatsunsa na bugun tebur. Ba a yi rabin minti ba ya girgiza kai. «Wannan numfashi shida yake yi.» Ya bayyana masa cewa jirgi mai silinda biyu yana fitar da huci huɗu duk zagaye ɗaya na ƙafa, mai silinda uku kuma shida. Na Ingilan uku gare shi. Na lambun, kamar 141 R da ya ciyar da kwal shekara da shekaru, biyu ne. «Ka ɗora wa doki kukan raƙumi,» in ji saurayin a ransa, don haka ya fassara wa kansa maganar. Idon tsohon ya dushe, sandar da ke juya ƙafafun ma da ƙyar yake ganinta, amma kunnensa bai manta lissafi ba.

A wannan dare saurayin ya tuna wani labari da malaminsu na Faransanci ya ba su a lise. Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina tare da Sarkawan kogin Kwara, fim ɗin da ya kira Bataille sur le grand fleuve, kuma a 1954 ya koma Ayorou ya nuna wa masu farautar. Sun gane kansu, sun yi kukan ƴan uwansu da suka rasu bayan ɗaukar. Amma sun ƙi abu ɗaya, kiɗan gogen da ya ɗora bisa farautar. Suka ce dorina tana da kunne, ko a ƙarƙashin ruwa za ta ji ta gudu. Kiɗan na ƙasarsu ne, sai dai an sa shi inda shiru ke aiki. Rouch ya karɓi gyaran, ya rage sa kiɗa a finafinansa na baya. A aji saurayin ya ɗauki labarin abin raha. Yanzu ga shi a matsayin baƙon da ya ƙawata abin da bai sani ba, maigida na gyara masa.

Washegari ya cire duk abin da ya aro, ya buɗe sautin da salular ta kama da kanta, wanda tun farko ya kashe ba tare da ya saurara ba. Da yake hoton an ja shi sau biyar, sautin ma ya jawu. Zizar sauron ta koma gurnani. Ƙas-ƙas ɗin ƙafafu bisa mahaɗar ƙarafuna ya zama dukan da ake ji a ƙirji, kuma yana faɗuwa daidai inda ido ke ganin ƙafa ta taka. A ƙarƙashinsa ya shimfiɗa amon lambun yadda yake, da kukan tsuntsu da ƙarar sandar tsohon bisa tsakuwa.

Akwai kuma wani sauti da ya yi ta gogewa a ɗaukar farko, yana zaton kuskure ne. Duk lokacin da jirgin ya zo daidai tagar madafa, tsohon yakan yi fito da baki, gajere biyu da dogo ɗaya. Da ya tambaye shi, sai ya yi jim. Zamanin da yake tuƙi, layinsa yana bi ta bayan unguwar ma'aikata, kuma da wannan busa matarsa ke sanin ta ɗora kofi. Saurayin ya maida fiton wurinsa, bai ja shi ba, bai ƙara masa komai ba.

Fim ɗin minti shida ne. An tumɓuke dogon da farkon sanyi, jiragen suka rabu tsakanin jikoki. Saurayin yakan ziyarci tsohon ranar Lahadi, ya tarar da shi a kujera kusa da taga, an kunna masa fim ɗin, allon a kife bisa cinyarsa.

Da ya dawo Damagaram hutu, wata ƙungiyar matasa ta roƙe shi ya haɗa musu hotunan kokowa da suka ɗauka, suna so a ɗora waƙar zamani daga farko har ƙarshe. Ya ce su dakata. Ya ɗauki salular ya nufi gidan wani tsohon ɗan kokowa, ya gaishe shi, ya kunna masa sautin filin kaɗai, da ganga da kirari da numfashin ƴan wasa. Ya ce: «Baba, a saurara mana, a faɗa mana abin da za mu bari.»